Ɗakunan Hayar Goggo da Ruwan da Na Ƙi Sha

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Na faɗi haka a waya ranar Talata da hantsi, sa'ad da Baffa ya kira ni ya ce Goggo ta cika. Na yi ta maimaitawa a mota tun daga Gummi har Anka, 'yata tana gefena tana kallon hanya. Amma maganar ba ta shiga jikina ba sai da na ga tarin takalma a ƙofar gidan.

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu, ita ta sa ni makaranta, daga ɗakinta aka kai ni gidan miji. Ta haifi shida, babu ɗaya da ya rayu har ya kira ta Inna. Saboda haka na ɗauka zan tarar da zaman makoki irin na tsohuwar da ba ta bar baya ba, 'yan uwa da maƙwabta, tabarma uku ko huɗu.

Abin da na tarar ya wuce haka. Tun kafin azahar babura da motoci sun cika layin. Maza da mata, wasu da fararen kayan asibiti ko canzawa ba su tsaya yi ba, suna shigowa suna kuka suna cewa Inna ta tafi. Wata tsohuwa daga dangin mijin Goggo ta taɓo ni ta ce, "Waɗanga ɗiyan wa na? Na san dai ba ta da ɗa."

Maƙwabciyarmu ta bayan gida ce ta ba ta amsa. "Ɗiyan haya na," ta ce, tana share hanci da bakin mayafi. Wannan maƙwabciya ta fi shekara ashirin tana faɗa da Goggo a kan ruwan wankin ɗalibai da yake bi ta rariya ya kwanta a gindin katangarta. Ranar babu wanda ya kai ta kuka.

Baffa, ƙanen Goggo, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Da na durƙusa na yi masa gaisuwa sai ya ce, "Ta huta. Ta huta da ɗiyan mutane." Ban san ko addu'a yake yi ko tsohon ƙorafinsa ne ya motsa ba.

Da aka gama suturta ta, kafin maza su shigo su ɗauka, matar da ta yi mata wanka ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "To mata, ga ta nan za ta. Kowa shi yahe mata." Tsakar gida ta amsa gaba ɗaya, mun yahe, mu ma ta yahe muna. Ina tsaye a kusa da kanta, ni da ta goya. Bakina bai buɗe ba.

Shekara goma sha biyar ke nan ban sha ruwa a gidan Goggo ba. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da ita, don mace ce da ta cancanci a tuna. Amma ba zan yi ƙarya a kan kabari ba. Akwai magana tsakanina da ita da ban ƙarasa ba, kuma ita ce take hana ni barci.

Bari in fara da ɗakunan, don duk wanda ya san Goggo da su ya san ta.

A wajenmu uwa tana fara tarin kayan ɗaki tun 'yarta tana goye. Yau kwano, gobe langa, in kaka ta yi kyau a sayi tasa. Huɗu daga cikin shidan da Goggo ta haifa mata ne, kuma kowacce ta yi mata tari. Yarinya ta koma, kaya su zauna. Ba ta taɓa sayar da ko cokali ba. Da aurena ya zo ta cika mini ɗaki har mutane suna magana, amma abin da ya rage ya fi wanda na tafi da shi: gadajen ƙarfe huɗu, katifu, tabarmi, tukwane, kwanonin samira, fitilu, da wani ƙaramin turmi na ƙirya da ta ce na 'yarta ta biyu ne. Duk suna kulle a ɗaki guda, tana buɗewa sau ɗaya a shekara ta kakkaɓe.

Bayan mijinta ya rasu gidan ya yi mata yawa. Wata rana ta je asibiti dubiya, ta haɗu da 'yan mata biyu cikin ɗaliban da ake turowa koyon aiki. Hira ta yi hira, suka ce sun kama ɗaki a bayan kasuwa, amma ɗakin babu komai sai ƙasa, a kan buhu suke kwana. Wata huɗu kawai za su yi, wa zai sayi katifa don wata huɗu? Goggo ta dawo gida ta buɗe ɗakin kaya. Kafin sati ya zagayo ta shirya ɗakuna huɗu, biyu a ciki na mata, biyu a wajen zaure na maza, kowanne da gado da shimfiɗa da tukunya da bokiti. Ɗalibi ya zo da jakarsa kawai ya kwanta.

Baffa ya zo har gida ya yi faɗa. Ina nan ranar.

"Yaya, kayan aure na fa. Ba a shimfiɗa ma baƙo gadon amarya. Mi mutane za su ce?"

"Su ce abin da sunka ga dama," in ji Goggo. "Amaren sun riga ni tahiya. Kayan da ba a kwana bisa, gara ka cin gadonsu."

Wannan magana ta bi ta har ƙarshen rayuwarta. Ko tsumma aka ce a yar, sai ta ce gara ka cin gadonsa, ta ninke ta ajiye.

In ka tambaye ta amfanin ba ɗalibai haya, ba ta gajiya da faɗa. Mai iyali in ya shiga ɗaki sai ya kafa ƙusa a kowane bango, ya haifi 'ya'ya, ya yi shekara goma, ranar da ka ce ya tashi ka zama azzalumi. Ɗalibi kuwa baƙo ne, raɓa, rana na fitowa ya tafi. Ga ɗebe kewa. Gidan da dā sai kukan kurciya ya koma gidan dariya da karatu da ƙarfi. Su suke karanta mata takardar magani, su suke saita mata rediyo. Awon jini kuwa har ya ishe ta, don duk wanda aka koya wa sai ya zo ya gwada a kanta. Takan miƙa hannu tana cewa, "Zo, zo, hannuna ai allon makaranta na."

In kuma ka same ta ranar da wani ya tashi, sai ka rantse gobe za ta rufe gidan. Ta shiga ɗakin da tsintsiya tana faɗa ita kaɗai. Wannan ya yi guga a kan katifa ya bar mata tambarin dutsen guga. Wancan ya dafa wake ya tafi kallon ƙwallo, tukunya ta koma gawayi. Wata ta tafi da bokiti, da aka aika mata ta ce ta ɗauka kyauta ce. In hutu ya yi tsawo ɗakuna su zauna wayam, ɓeraye su yi sarauta a kan gado. Ga bakin unguwa, wai ta tara samari da 'yan mata a gida ɗaya, ko da yake akwai ƙofar langalanga tsakanin waje da ciki, kuma makullin yana ɗaure a bakin zanenta. Takan ce wanda bai sayi abu da guminsa ba bai san ciwonsa ba. Ta gama faɗan, ta ɗinke katifar, ta goge tukunyar da toka, sati na gaba wani ya shiga.

Tana da hanyarta ta zaɓen ɗan haya. Ba ta tambayar takarda. Sai ta ba ka ruwa, ta zauna tana kallon yadda za ka karɓa, da hannunka, da inda ka ajiye takalmi. Wanda ya sha ya ajiye kwano a kife, ko ya tsallake tabarma da takalmi, sai ta ce ɗakunan sun cika. Ni dai ina yi mata dariya, ina cewa Goggo ko alƙali bai kai ki bincike ba.

Akwai wata yarinya daga wani ƙauye a bayan Bukkuyum da hanya ta lalace lokacin hutu, iyayenta suka aiko cewa kada ta kuskura ta taho. Ta zauna a ɗaki tana kuka, don wa'adinta ya cika. Goggo ta leƙa ta ce, "Wa yac ce ki tashi? Taho ki tsince mani shinkafa." Wata uku ta yi suna cin tukunya ɗaya, maganar haya ba ta taso ba. Yanzu unguwar zoma ce a asibiti. Ita ce ta faɗi a tsakar gida ranar jana'iza sai da aka yayyafa mata ruwa.

Wannan ita ce Goggon da mutane suka zo yi wa kuka, kuma ba su yi ƙarya ba. Yanzu sai tawa.

A cikin ɗaliban akwai wani saurayi ɗan Bukkuyum, mai shiru, mai ladabi. Yadda aka yi ya shigo gidan zan faɗa a gaba, don ni kaina na daɗe ina tsallake wurin. Mahaifinsa ba shi da hali. A lokacin zinari ya buɗe a ƙauyuka, kowa ka gani da buhun dutse. Shi ma ranar da babu aiki sai ya hau babur ya tafi wajen Abare ko Sunke, ya dawo da ɗan ƙunshin duwatsu. A ɗakinsa yake daka su, a ƙaramin turmin nan na ƙirya, ya wanke garin ya ga ko zai sami abin sayen littafi. Goggo ta ji dakan, ta tambaya, ya gaya mata gaskiya. Ta ce to Allah shi ba da sa'a. Dutse ai ƙasa ne, wa yake tsoron ƙasa? A lokacin babu wanda ya taɓa jin kalmar gubar dalma.

Ya gama wa'adinsa ya tafi. Kwana uku bayan haka na kawo 'yar farina yaye. Haka ake yi, in lokacin cire yaro daga nono ya yi sai a kai shi wajen kaka, uwa ta koma gida, ya yi kukansa ya haƙura. Ni ba ni da wata uwa sai Goggo. Ta karɓe ta tana rawa, tana yi mata waƙa, tana ce mata ƙawata.

Goggo ba ta barin abu ya zauna banza, na riga na faɗa. Ɗakin saurayin ya fi kowanne sanyi, katifarsa ta fi kowacce laushi. Ta share shi, ta mayar da shi wurin wuninsu ita da yarinyar. A nan take wasa a ƙasa, a nan take barcin rana. Turmin kuma ta ɗauraye shi sau ɗaya, ta ci gaba da daka gero da gyaɗa a ciki, tana dama mata kunun yaye safe da yamma. Sati shida.

Da aka kira ni na tarar da 'yata ba ta gane ni. Amai, sannan jijjiga, idanu su kafe. Wasu suka ce yaye ne bai karɓe ta ba, wasu suka ce iska. Ana cikin haka labari ya fara zuwa daga ƙauyuka, Duza da Abare da sauransu, yara suna mutuwa da irin wannan ciwo. Likitoci suka zo daga nesa, suka ɗebi jininta. Suka tambaye mu ko ana dakan dutse a gidanmu. Na ce mu malaman makaranta ne, me ya haɗa mu da dutse. Goggo tana zaune a bakin gado, sai na ga ta ɗora hannu biyu a ka.

Sun zo gidan da na'ura. Suka kwashe ƙasar ɗakin, suka tafi da katifar da turmin. Goggo ta sa wa ɗakin kwado, kuma har ta mutu ba ta sake ba kowa shi ba.

'Yata ta rayu, na gode wa Allah, da yawa ba su rayu ba. Yanzu shekararta goma sha bakwai. Tana da kyau, tana da tsabta, ba ta da faɗa. Amma magana sai a hankali take fito mata, abin da aka gaya mata kuma haka take riƙe shi, ba ƙari ba ragi. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane karatu shekara da shekaru, na kasa kai tawa ƙarshen littafin aji biyu. Duk shekarar da sa'o'inta suka zana jarrabawa sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

A asibiti Goggo ta nemi gafarata, sau ɗaya. Ta kama gefen mayafina ta ce, "Ɗiyata, ki yahe mani. Ni nid daka, ni nib ba ta."

Na ce, "Allah shi yahe muna baki ɗai."

Duk Bahaushe ya san wannan amsa. Addu'a ce mai kyau, babu wanda zai ce ka yi rashin kunya. Amma ba ita aka tambaye ka ba. Goggo ta gane, ta saki mayafin.

Faɗan gaske sai bayan an sallame mu. Na je na tarar da sababbin ɗalibai a sauran ɗakuna uku, wata tana shanya kaya tana waƙa. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba.

"Goggo, har yanzu? Abin da yaf faru bai ishe ki ba?"

"Waɗanga mi sunka yi?"

"Kin san abin da suka yi cikin ɗaki in sun ruhe ƙofa? Kayanki na, bisa su suka kwana, ciki suka dahuwa, su tashi su bar maki abin da sunka bari. Ki kore su, ki ruhe gidanga."

"In nik kore su, su koma bisa buhu?" Sannan ta ce, "Na hana dakan dutse. Kowane ɗaki ina shiga ran Juma'a in duba. Abin da ni iya ke nan. Amma ba ni korar ɗiyan mutane don laihin da ba nasu ba."

Na ce mata ashe ɗiyan mutane sun fi mata tawa. Na ce da ta san zafin ɗa da ba ta yi haka ba. Na faɗa wa macen da ta binne shida wannan magana. Ta tashi ta ɗebo ruwa a randa cikin kwanon sha, ta rufe da faifai, ta ajiye a gabana kamar yadda take yi wa duk wanda ya shigo gidanta. Na tashi na bar shi a nan.

Ban yanke zumunci ba, kada a ce. Duk wata ina zuwa, duk salla ina kai mata atamfa. In durƙusa in gaishe ta, mu yi maganar damina da ciwon ƙafa. Ta ɗebo ruwa ta ajiye, in ce alhamdu lillahi, in bar shi. Ruwan leda nake sakawa a jaka, in sha a mota. Da farko ina gaya wa kaina tsoron dalma ne. Amma likitoci sun ce gidan ya tsarkaka, har na koma barin 'yata tana hutu a can, tana ci tana sha, don babu wanda take so a duniya kamar Goggo. Saboda haka ba tsoro ba ne. Hukunci ne nake yi mata, kwano ɗaya a kowane wata, ita kuma ba ta fasa ajiyewa ba ko sau ɗaya.

Zuwana na ƙarshe sati biyu ne kafin ta rasu. Ƙafa ta hana ta tashi, sai ta sa 'yata ta ɗebo. Ta dube ni ta ce, "Ruwanga dai ba su da dalma."

Na ce, "Na sani, Goggo."

Ta ce, "To."

Na so in ɗauka. Wallahi na so. Amma abin da aka yi shekara goma sha biyar ana yi yana da nauyi, sai na ce a raina wata mai zuwa.

Ranar sadakar uku, da la'asar, mutane sun ragu. Baffa ya shigo ya tsaya a tsakar gida yana gaya wa 'yan mata ukun da suke haya yanzu cewa bayan bakwai su nemi wuri, za a fitar da kaya a raba. Ɗayarsu ta ce jarrabawarsu saura wata ɗaya. Ya ce wannan ba matsalarsa ba ce. Ban sa baki ba, don abin da na roƙa ne shekara goma sha biyar da suka wuce.

Ana haka aka yi sallama, wani mutum mai furfura a gemu ya shigo gaishe da mata, ya ce shi ɗan gida ne. Sai da ya durƙusa na gane shi. Ɗan Bukkuyum ne. Yanzu shi ne babba a wani ƙaramin asibiti a can wajensu. Ya yi addu'a mai tsawo, yana share ido, sannan ya juyo wajena.

"Malama, ba ki gane ni ba? Ai ke kinka kawo ni gidanga. Inna ta ba ni ruwa, tad dubi hannuna tac ce hannunga ba na alƙalami ɗai ba na, ɗakuna sun cika. Ke kinka tsaya kina roƙonta, kinka ce ɗan abokin maigidanki na, ke kin tsaya mani. Har kinka yi hushi. Sannan tab ba ni makulli. Ban manta ba wallahi."

Ga wurin da nake tsallakewa. Haka aka yi, bai ƙara ko kalma ba. Goggo ta ƙi shi, ni na matsa mata, don ina so maigidana ya ga ina da faɗa a gidanmu. Laifi tudu ne, na taka nawa na yi shekara goma sha biyar ina hango nata. Kuma a duk tsawon wannan lokaci, har ranar da na gaya mata ba ta san zafin ɗa ba, Goggo ba ta taɓa cewa ke kika kawo shi ba. Maganar tana bakinta, kalma huɗu ce, da ta faɗa da ta huta.

Mutumin ya ci gaba. Ya ce da labarin dalma ya fito hankalinsa ya tashi, ya hau mota ya zo ya tambaye ta ko wani ya shiga ɗakin bayansa. "Tac ce mani ba kowa, ruwa sunka ɓata ɗakin shi yas sa tar ruhe. Tac ce in tai in yi karatuna in taimaki mutane. Da wani abu ya samu wani ta dalilina, Malama, da ban iya ƙarasa karatun ba."

'Yata ce ta kawo masa ruwa, don ta saba duk baƙon da ya shigo gidan Goggo ana ba shi. Ta durƙusa, ta gaishe shi da irin maganarta, kalma ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓa da hannu biyu. Ya dube ta, ya ɗan daɗe yana dubanta, don ma'aikacin lafiya ne.

"Ɗiyarki ta?"

"Awo."

"Allah shi raya."

Na ce amin. Abin da Goggo ta rufe da kwado ba ni zan buɗe shi ba.

Da ya fita na bi Baffa zaure na ce a bar yaran su gama jarrabawa, kayan ba za su gudu ba. Ya dube ni ya ce ashe ciwon na gado ne. Har yau in wani ya tambaye ni ko ya shirya ɗaki da kaya ya ba ɗalibai, ban san me zan ce masa ba. Na ga mutum arba'in suna kuka a kan macen da ba ta bar ɗa ba, kuma ina kwana ina tashi da abin da turmi ɗaya ya yi. Duka biyun daga ɗakuna huɗun nan suka fito.

Na dawo ciki. Randar tana inda take, a gindin bishiyar darbejiya, da kwanon a kife bisa faifai. Na ɗebo, na zauna a ƙasa, na sha har ya ƙare. Ruwa ne mai sanyi mai ƙamshin ƙasa, irin wanda na girma ina sha. Na ce na yafe, Goggo, na yafe, ke ma ki yafe mini. Na faɗa da ƙarfi yadda matan da suke wurin suka ji, amma wadda ya kamata ta ji tana maƙabarta tun ranar Talata.

'Yata tana tsaye tana kallona. Fuskarta ta washe.

"Inna, kin sha."

Na ce na sha.

"Goggo tac ce, ran da kinka sha, in zo in hwaɗa mata."

Ta juya ta nufi ɗakin Goggo da sauri, ta ɗaga labule ta shiga. Muna jin ta daga waje tana kiran sunanta.

Allah ya jiƙan Goggo, ya sanyaya makwancinta, ya haɗa ta da shidan da suka riga ta. Ni kuma ya yafe mini.